Wai kwaɗayi ne ke sa ma'aikaci canza aiki?

Jama'a masu saurare, barkanmu da wannan lokaci.

Wai yaran zamani ba sa zama a aiki. Kukan da masu kamfanoni da masu makarantun kuɗi ke yi ke nan: ka ɗauki yaro, ka koya masa, bai shekara ba ya ajiye takarda ya ƙara gaba. Sai su rufe da cewa kwaɗayi mabuɗin wahala. To, kwaɗayin me?

Ku dubi malamin makarantar kuɗi. Darasi uku yake koyarwa. Wata ya ƙare, goma ga sabon wata ta wuce, waya shiru. Ya je ofis ya tambaya, a gaban iyayen yara aka ce masa in ba zai iya ba, ƙofa a buɗe take. Lokacin hutu kuwa ba ko sisi. Tun 2024 mafi ƙarancin albashi ya koma naira 70,000, shi ko rabinsa bai gani ba. Ranar da ya bi ƙofar nan, kwaɗayi ya yi?

Kada a ce halin namu ne. A Amurka, a 2021, fiye da mutum miliyan 47 suka ajiye aiki da kansu. Cibiyar bincike ta Pew ta tambayi dalili: kashi 63 cikin ɗari suka ambaci ƙarancin albashi, kashi 63 rashin ƙarin girma, kashi 57 kuma suka ce raini ne a wurin aiki. Raini, jama'a! Fiye da rabi.

Na yarda, sabon aiki na da ɗoki, kuma ɗokin kan lafa bayan 'yan watanni. Wani ma gudun gara ya yi, ya faɗa gidan zago. Amma wannan ba ya wanke wanda ya wulaƙanta shi tun farko.

Abin haushi, mu ba ma tambayar dalili, igiya muke nema. A 2023 an kai ƙuduri gaban Majalisar Wakilai, wai a hana likita cikakken lasisi sai ya yi aikin shekara biyar a gida. Likitan da ke kwana a asibiti, wuta ta ɗauke, yana duba mara lafiya da fitilar waya, shi za a ɗaure wa ƙafa ya gamsu? Haba!

Ranka ya daɗe mai kamfani, wanda ya bar ka a watan jiya, ka zaunar da shi ka tambaye shi me ya kore shi, ko dai sanarwar neman wani kawai ka liƙa a bakin ƙofa?