Etosha: Inda Ƙishirwa Ke Kawo Maka Namun Daji

Farin filin da ake gani a Etosha ba ruwa ba ne, ba kuma ƙanƙara ba. Busasshen tafki ne mai gishiri, fako fari fat, tsawonsa kusan kilomita 130. Shi ne tsakiyar gandun namun daji na Etosha da ke arewacin Namibiya, wanda aka kafa tun 1907 zamanin mulkin Jamusawa. Da rana tsaka kawalwalniya kan rufe shi, sai ka hango jimina kamar tana tafiya a kan iska.

Baƙo yakan zo da niyyar yin ta yawo cikin mota yana neman zaki. Wahalar banza ce. A rani, daga Mayu zuwa Oktoba, ruwa yakan ƙafe sai 'yan mashayu, kuma duk mai rai dole ya zo nan. Ka sami mashaya ɗaya, ka kashe mota, ka yi shiru.

Jakunan dawa za su fara isowa a jere, suna taku suna tsayawa, kunnuwa a miƙe. Raƙumin dawa kuwa sai ya daɗe yana dube-dube kafin ya ware ƙafafun gaba ya sunkuya, domin a wannan tsayuwar ce zaki ya fi samun sa. Can sai ga giwaye, jikinsu ya yi fari saboda ƙurar wurin da suke watsa wa kansu. Da isowarsu kowa ya ja gefe, ba gardama.

A Okaukuejo, sansanin kwanan baƙi da ke cikin gandun, akwai mashaya dab da katanga, an haska ta da fitilu. Bayan magariba baƙin karkanda kan fito shan ruwa, kana zaune a benci kana jin numfashinsa. Ɗauki rigar sanyi, don Yuni da Yuli da muke cikin damina, su can hunturu ne.

Doka kuma ba wasa: ba a fita daga mota sai a wuraren da aka killace, kuma ana rufe ƙofar sansani da faɗuwar rana. Kada ka sa ran ganin dorina ko kada ko ɓauna, babu su a nan. Amma shekarar da aka yi ruwa mai yawa, fakon nan yakan cika, dubban tsuntsayen filamingo su sauka su yi ƙwai a kansa.