An ba autata aikin watsa fure a bikin Turawa

Assalamu alaikum jama'a, barkanku da war haka, ku yi haƙuri da ƙarar iskar nan, Manchesta ce, ko a watan Yuni sai ta nuna wa mutum halinta. Yau biki muka zo, 'yar maƙwabciyata Baturiya ce ke aure, kuma autata aka ba aikin watsa fure a gaban amarya. Ga ta can mai farar riga da ɗan kwando, tun asuba ta tashe ni wai kar mu makara.

Toh ga yadda abin yake ga wanda bai taɓa gani ba. Baƙi za su zauna layi-layi a bar hanya a tsakiya, ango na tsaye can gaba yana jira, sai a sa kiɗa, ƙawayen amarya su shigo, sai ɗan yaro mai riƙe da zobe, sai wannan yarinyar tana ɗibar fure tana zubarwa a ƙasa, a bayanta kuma amarya ce da babanta. Shikenan fa aikin, bai fi minti 2 ba. Yawanci 'yar shekara 3 zuwa 8 ake ɗauka, ta jikin amarya ko ta ango, 'yar yaya ko 'yar aminiya, shi ya sa da uwar amarya ta ƙwanƙwasa mana ƙofa ta ce tawa suke so sai da na ji ƙwalla, don ba kowa suke ba wa ba. Ita ce ma take gaya min a tsohuwar al'adar Ingila yaran bayan amarya suke bi, wannan na shiga gaba salon Amurka ne ya shigo musu.

Ku duba cikin kwandon, bari in matso da kamara. Busasshen furen wardi ne na gaske, ba na roba ba, masu wurin nan sun hana na roba da na takarda saboda ba sa ruɓewa a ciyawa. Wasu coci-cocin ma sam ba sa yarda a zuba komai a ciki, yana ɓata kafet kuma tsofaffi na iya zamewa, sai ka ga an ba yarinya ɗan damin fure ta riƙe kawai ko allo mai rubutun ga amarya nan tafe. Rigar kuma iyayen amarya ne suka saya, a nan yawanci haka ake, amma ƙawata da ke Amurka ta ce can iyayen yarinya ne ke biya, na ce Allah Ya kyauta.

Asalin abin ana danganta shi da Rumawan da, inda 'yan mata ke tafiya gaban amarya da zangarniyar alkama da ganyaye masu ƙamshi, fatan haihuwa da wadata kenan. Farar rigar kuma ta samu karɓuwa ne bayan Sarauniya Victoria ta sa fari ranar aurenta a 1840, daga nan kowa ya bi, har yaran ma aka koma yi musu fari.

Gidan sarautar nan kuwa har yau yara ƙanana suke jerawa. A bikin Yarima William da Kate a 2011, lokacin da suka fito barandar fadar Buckingham jama'a na ta ihu, akwai wata 'yar shekara 3 da ta toshe kunnuwanta da hannu biyu ta haɗe rai, wallahi hoton nan ya zaga duniya, mutane da yawa ita suka fi tunawa a barandar. A 2018 ma bikin Harry da Meghan a Windsor yara 10 ne suka raka amarya, har da Gimbiya Charlotte tana shekara 3.

Kuma ni a ganina amfanin yarinyar kenan. Kowa ya yi tsit, amarya hannunta na rawa, ango gumi yake, sai ga wata 'yar mitsitsiya ta shigo ta yi abin da ta ga dama, kowa ya fashe da dariya, tsoron ya tafi. Tawa dai kun ga abin da ta yi, jiya an yi gwaji ta yi tsaf-tsaf, yau tana kaiwa tsakiya ta kife kwandon gaba ɗaya a wuri guda, sannan ta tsuguna tana tsincewa ɗaya bayan ɗaya wai an ce ba a zubar da shara a ƙasa. Babu wanda ya harare ta, babu wanda ya ja hannunta, amarya ta tsaya ta jira ta tana dariya har kwalliyar idonta ta so lalacewa.

Mu a gida ba mu da wannan saboda ɗaurin aure na maza ne, waliyyi da wakili ne a gaban liman, amarya na can cikin gida da lallenta, babu wata hanya da za ta taka balle a watsa mata fure. Namu na yarinya ƙarama ai 'yar zaman ɗaki ce, wadda ake haɗa amarya da ita ta ɗebe mata kewa a gidan miji, kuma wannan aikin ya fi na minti 2 nesa ba kusa ba. Amma yanzu na ga a dina a Abuja da Kano an fara sako yara a gaban amarya, ban ce kar a yi ba, abin da ke damuna shi ne a ɗauki 'yar shekara 5 a shafe ta da hoda da jan baki har da gashin ido na kanti da takalmi mai tsini, a yi ta daka mata tsawa ta tsaya daidai saboda mai hoto, har ƙarfe 11 na dare yarinya na gyangyaɗi. Don Allah iyaye mata a bar su da fuskarsu, a sa musu takalmi shimfiɗaɗɗe, a ciyar da su kafin a fara, in ta ƙi tafiya a ƙyale ta.

Bari in je, an fara kiran cin abinci, sun ce sun ware mana kifi, kuma na hango madam ta cire takalmi tana bin yaron zobe a guje da farar rigar mutane.