Turawa sun ɗauki fim a garinku, to kuna da kaso a ciki?

Assalamu alaikum jama'a. Tun da hotunan finafinai masu dogon zango da ake ɗauka can ƙuryar arewacin Turai suka fara yawo a wayoyi, tambaya guda ke ta shigo mana, yawanci daga matasan Bauchi 'yan harkar fim: me zai hana mu jawo Turawan nan su zo Yankari a yi haɗin gwiwa? Wani ma har ya raba riba tun ba a kunna kyamara ba. A sassauta, malam. Akwai matakin da ake tsallakewa, kuma a kansa za mu zauna yau.

[Taswira: daga Bauchi zuwa arewacin Suwidin]

Nan Kiruna ce, garin haƙar tama a arewacin Suwidin. Daga ƙarshen Mayu zuwa tsakiyar Yuli rana ba ta faɗuwa ko kaɗan. Ga masu shirin tambayata yadda ake shan ruwa idan azumi ya faɗo a lokacin, Musulmin can wasu lokacin Makka suke bi, wasu na wani gari da ke kudu. Mu koma kan fim.

A 2016 tashar SVT ta Suwidin da Canal+ ta Faransa suka haska Midnight Sun, wanda aka gina labarinsa a wannan gari. An kashe wani Bafaranshe, sai aka turo 'yar sanda daga Faransa ta yi bincike tare da wani mai gabatar da ƙara ɗan ƙasa. Ku riƙe wannan 'yar sandan a ranku, za mu dawo kanta.

Me ya sa suke haɗa kai? Amsar gajeriya ce. Ƙasashen arewacin Turai ba su da yawan jama'a, aiki cikin ƙanƙara kuma akwai cin kuɗi: a kwaso ma'aikata da fitilu daga babban birni, a kama musu masauki, a cikin hunturu kuma hasken rana na 'yan awoyi ne, wani lokacin babu shi sam. Tasha guda ba za ta iya ɗaukar nauyin ba.

[Motocin kayan aiki a kan titin da ƙanƙara ta rufe]

Yanzu ga ɗaya fim ɗin. Zango na 4 na True Detective, wanda tashar HBO ta Amurka ta fitar a 2024, labarinsa a Alaska ta Amurka yake, amma a ƙasar Aislan da ke arewacin Turai aka ɗauke shi. 'Yan Aislan sun yi aiki, sun tuƙa motoci, sun gina lokeshin, an cika musu otal-otal. To fim ɗin nasu ne? Na HBO ne. Haya aka yi, aka biya, aka kwashe kaya.

A ido duk ɗaya ne: baƙi sun zo, ga kyamara, ga ƙanƙara. A takarda kuwa ba su ko yi kama ba.

Duk wanda ya taɓa shiga watanda a jajibirin Sallah ya san zancen. Mutum goma sun haɗa kuɗi sun sayi sa, kowa zai ɗauki kaso daidai abin da ya zuba. Shi kuwa maigidan da aka yi yankan a ƙofar gidansa, a ba shi na goro, wataƙila a ƙara masa da 'yar hanta, amma ba shi da tsibi a rabon. SVT da Canal+ 'yan watanda ne. Aislan a aikin HBO mai ƙofar gida ce.

To mene ne naman da ake rabawa? Haƙƙi. Tun kafin a ɗauki fitowa ko ɗaya, furodusoshi suna zama da lauyoyi a rubuta wa ya kawo nawa, wa zai fara haskawa, a wace ƙasa, na tsawon shekara nawa, a akwatin talabijin kaɗai ko har da intanet. Tashar gida ta riƙe ƙasarta, ta waje ta riƙe tata. Sauran duniya sai a damƙa wa kamfanin dillanci, wanda sau da yawa yakan ba da wani abu tun a gaba, ya fara cire nasa idan ciniki ya faɗa, kafin abin da ya saura ya gangaro ga masu kaso. A wannan zaman ake yanke wanda ke da ta cewa kan labari, kan 'yan wasa, da wanda zai sa hannu a kan aikin edita na ƙarshe. Wanda ba ya cikin ɗakin ranar, ko a tsakar gidansu aka ɗauki fim ɗin daga farko har ƙarshe, ɗan kallo ne.

Kun tuna 'yar sandan nan? Ni dai a ganina ba don ƙanƙara ta burge marubuta suka kawo ta ba. Mai kallo a Faransa yana son ya ga tasa, ya ji harshensa. Haka a fim ɗin Arctic Circle na 2018, aikin Finlan da Jamus: 'yar sanda 'yar Finlan, likitan ƙwayoyin cuta Bajamushe. Mai kuɗi yakan bar sawunsa a cikin labari. Wani lokacin abin ya zauna daram, wani lokacin kuma ka ga an cusa baƙo a fim ba gaira ba dalili, kana kallo ka san lissafin akanta ne ya haife shi.

[Wikki, duwatsun Dass, giwaye a Yankari]

Ban ce haya abin raini ba ce. Aislan da gangan take neman ta. Gwamnatinsu tana mayar wa mai fim kashi 25 cikin 100 na abin da ya kashe a ƙasar, daga 2022 kuma ya kai kashi 35 ga manyan ayyuka, bisa sharuɗɗan da suka haɗa da kwana 30 na aiki da ma'aikata 50. Ku lura, mayarwa ake yi. Sai ka kashe naka tukuna, ka kawo rasit, an tantance, sannan kuɗi ya fito. A nan ne nake jin tsoron mu, mu da ake sallamar ɗan wasa a bakin lokeshin da "ga wannan ka sha mai", ba takarda ba sa hannu.

Wuri kam muna da shi, kuna gani da idonku. Amma Yankari ba ta furodusa ba ce balle ya zuba ta a matsayin jari. Abin da ɗan Bauchi zai iya shiga ɗakin da shi, idan aljihu bai kai ba, shi ne labari: rubutacce, mai rajista da sunan kamfaninsa, wanda ba a riga an sayar ba. Ana iya yi wa labari da kayan aiki da ma'aikata kuɗi a lissafa su cikin kaso, muddin an rubuta tun farko. Wanda ya karɓi kuɗin labarinsa dunƙule ya sa hannu ya sallama, shi ke nan, ko zango goma aka yi a kai sai dai ya gani a talabijin. Al'ummar Sami, 'yan asalin yankin na Kiruna masu kiwon barewar ƙanƙara, sun daɗe suna ƙorafin ana ɗaukar labarinsu ba da su ba. Yanzu suna da cibiyar fim tasu a Kautokeino ta ƙasar Norwe, har da ƙa'idojin da suka rubuta wa baƙin da ke son yin fim a kansu.

Ga aikin gida. In kun gama kallon irin wannan fim, kada ku tsallake sunayen ƙarshe. Ku jira har layin da ke ɗauke da wannan alamar © da shekara. Kamfanonin da ke gefenta su ne masu fim. Masu motoci, masu masauki da hukumar garin da aka yi aikin, za ku gan su can sama, a jerin waɗanda aka yi wa godiya.