Tabarau Mai Tare Shuɗin Haske: Abin da Yake Yi wa Ido da Abin da Yake Yi wa Barci

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Shugaban taro, malamaina, iyaye maza da mata, da ɗalibai, ina godiya da kuka ba ni wannan dama. Na zo da tabarau guda biyu, kuma ina so kowa ya dube su kafin mu shiga magana. Na hannun damana gilashinsa garau yake kamar ruwa, sai dai idan na karkata shi wajen ƙwan lantarki za ku ga wani ɗan ƙyalli mai shuɗi-shuɗi a samansa. Na hannun hagu kuwa ruwan goro ne mai duhu, wanda duk ya sa shi zai ga gari ya koma kamar yammacin hunturu da hazo. Da suna ɗaya ake sayar da su, wato tabarau mai tare shuɗin haske, kuma alkawari ɗaya ake yi wa mai saye, cewa idonsa zai daina gajiya da kallon waya, barcinsa kuma zai gyaru. Abin da nake so in nuna muku yau shi ne waɗannan biyun ba aikinsu ɗaya ba, kuma alkawuran nan biyu ba ƙarfinsu ɗaya ba.

Hasken da muke kira fari gauraye ne na launukan da muke gani a bakan gizo. Masana suna auna kowane launi da tsawon zangonsa, da wani ma'auni da ake kira nanomita. Idon ɗan Adam yana ganin abin da ke tsakanin kusan 380 zuwa 700, ja yana can ƙarshen sama, shuɗi kuma yana tsakanin 400 zuwa 500. Rana ce babbar mai ba da shuɗin haske, kuma warwatsuwar shuɗin haskenta a cikin iska ce ta sa ma sararin sama yake shuɗi. Sabon abu a zamaninmu shi ne ƙwan LED. Wasu masana uku 'yan asalin Japan, Isamu Akasaki da Hiroshi Amano da Shuji Nakamura, sun sami kyautar Nobel a 2014 saboda ƙirƙiro shuɗin ƙwan LED, kuma galibin farin ƙwan da ke cikin tocila da fitilar caji da ƙwan sola da bayan fuskar wayoyi da kwamfutoci masu yawa, shuɗin ƙwai ne aka shafa masa wani sinadari mai launin ɗorawa domin haskensa ya fito fari. Kakanninmu da suka yi hira a gaban aci-balbal da fitilar ƙwai, hasken da suka sani da dare ja-ja ne, shuɗin da ke cikinsa kaɗan ne ƙwarai.

To, me ya haɗa launin haske da barci? A nan ne zan ɗan daɗe, domin a nan gaskiyar maganar take. A tsakiyar ƙwaƙwalwa akwai wani ɗan gungun ƙwayoyin halitta da ke aiki kamar agogo, yana zagayowa a kusan sa'o'i 24, kuma shi ke gaya wa jiki lokacin kwanciya da lokacin tashi. Idan duhu ya shiga, yakan sa wata 'yar halitta a cikin ƙwaƙwalwa ta fara sakin sinadarin melatonin mai shirya jiki ga barci, wanda Aaron Lerner ya gano a Jami'ar Yale a 1958. Wannan agogo ba ya tafiya daidai da kansa, kullum sai an saita shi, kuma haske ne ke saita shi. An daɗe ana zaton ƙwayoyin da muke gani da su ne ke kai masa labari, har sai da aka lura a 1995 cewa wasu makafi, waɗanda ba sa ganin komai, idan aka haska musu ido da dare melatonin ɗinsu yana sauka. Daga baya Ignacio Provencio ya gano wani sinadari mai jin haske da ya sa wa suna melanofsin, da farko a fatar kwaɗo a 1998, sannan a 2002 David Berson na Jami'ar Brown a Amurka ya nuna cewa a tantanin bayan ido akwai wasu 'yan ƙwayoyi da ke jin haske da kansu, suna aika saƙo kai tsaye zuwa agogon. Waɗannan ƙwayoyi sun fi jin haske a wajen nanomita 480, wato shuɗi irin na sararin sama. Ku riƙe wannan lamba ta 480, za mu dawo kanta.

Binciken da ya fi tayar da hankalin duniya a kan waya da barci an yi shi ne a wani asibiti a birnin Boston, aka wallafa shi a farkon 2015. Mutum 12 aka sa suka yi karatu a iPad na sa'o'i huɗu kafin kwanciya, dare biyar a jere, sannan aka kwatanta da dare biyar na karatun littafin takarda. An ga melatonin ɗinsu ya ragu da fiye da rabi a dararen iPad, agogon jikinsu kuma ya ja baya da kusan awa ɗaya da rabi. Amma ku lura da abin da masu talla ba sa faɗa: an ƙure hasken na'urar ne har ƙarshe, kuma jinkirin da aka samu wajen kamawar barci kusan minti 10 ne kacal.

Yanzu bari mu ɗauki tabarau na hannun dama, mai gilashi garau, wanda shi ne ya cika kasuwa, shi ne kuma ake tayi wa mutum idan ya je yanka gilashi a ce ya ƙara kuɗi a sa masa. Irin wannan yana tare kashi 10 zuwa 25 cikin ɗari ne na shuɗin haske, kuma yawancin abin da yake tarewa yana can ƙasa kusa da 400, nesa da 480 ɗin da agogon jiki ke saurare. Wataƙila wasunku sun ga mai sayarwa ya ɗauko 'yar tocila kamar biro, ya haska ta cikin gilashin a kan wani kati, haske bai wuce ba, ya ce ga shaida. Galibin waɗannan tociloli haskensu yana wajen 405 ne, saboda haka gilashin ya tare abin da aka haska masa da gaske, amma ba shi ne hasken da ake magana a kai ba. Gwajin da ya fi wannan ba ya bukatar kuɗi. Mutum ya sa tabaran ya ɗaga kai ya dubi sama, ko ya dubi shuɗiyar shadda. In har ya gan ta shuɗiya kamar yadda take, to shuɗin haske yana wucewa.

A watan Agusta na 2023 ƙungiyar Cochrane, wadda aikinta shi ne tattara gwaje-gwajen likitanci ta tace su, ta fitar da nazarin da Laura Downie da abokan aikinta na Jami'ar Melbourne a Ostireliya suka jagoranta. Sun haɗa gwaje-gwaje 17 da aka yi a ƙasashe shida a kan mutum 619, kuma ba su ga alamar cewa wannan gilashi yana rage gajiyar ido fiye da gilashi na yau da kullum ba. Ƙungiyar likitocin ido ta Amurka ma ba ta ba da shawarar a saye shi. Game da tsoratarwar da ake yi cewa hasken waya yana ƙona tantanin ido, shuɗin hasken da ke fitowa daga fuskar kwamfuta bai wuce kusan kashi ɗaya cikin dubu na wanda muke samu a hasken rana ba. A Ingila, hukumar da ke sa ido a kan tallace-tallace ta hana kamfanin Boots mai sayar da tabarau wani talla a 2015 saboda ya zuzuta wannan haɗari ba tare da hujja ba, kuma a 2017 hukumar masu aikin ido ta ci shi tarar fam 40,000.

Duk da haka gajiyar idon da kuke ji gaskiya ce, ba ƙorafin banza ba ne, sai dai an ɗora laifin a kan wanda bai aikata ba. Mutum yakan ƙifta ido kusan sau 15 a minti ɗaya, amma idan ya ƙura wa waya ido sai ya koma sau biyar zuwa bakwai, kuma ƙiftawa ce ke shimfiɗa hawaye a kan ido. Idan aka haɗa wannan da busasshiyar iskar hunturu da ƙurarta, ga fanka tana busowa a fuska, dole ido ya yi zafi ya riƙa jin kamar an zuba masa yashi. Na biyu, akwai tsokar da ke lanƙwasa madubin cikin ido domin ganin abu na kusa, kuma idan ta daɗe a matse takan gaji kamar kowace tsoka. Na uku, mutane da yawa suna bukatar gilashin gyaran gani ne ba su sani ba, musamman wanda ya haura shekara 40 ya fara miƙa hannu nesa kafin ya karanta saƙo. Wani lokaci wanda ya ce sabon tabaransa ya yi masa magani gaskiya ya faɗa, amma awon da aka yi masa ne ya yi aikin, ba shafen da ya biya kuɗinsa ba. Shawarar da likitocin ido ke bayarwa ita ce bayan kowane minti 20 a ɗauke ido a dubi abin da ke nesa da kamar mita shida na daƙiƙa 20, a riƙa ƙiftawa da gangan, kuma in zafin ya ƙi tafiya a je asibiti a auna.

Tabarau na hannun hagu labarinsa daban ne, kuma ba zan yi masa rashin adalci ba. Mai ruwan goro ko ruwan zuma mai duhu yana tare mafi yawan shuɗin haske, har da na 480. A birnin Basel na Suwizalan, a 2015, an gwada shi a kan samari 13 masu kallon kwamfuta da dare, aka ga melatonin ɗinsu bai sauka kamar yadda yake sauka da farin gilashi ba. A Jami'ar Columbia da ke New York, a 2018, mutum 14 masu fama da rashin barci sun sa shi sa'o'i biyu kafin kwanciya na mako guda, aka sami ƙarin barci na kusan rabin awa. Ku dubi ƙanƙantar adadin mutanen, sannan ku tuna cewa wanda aka ba shi gilashi mai launi ya san an ba shi, kuma sa rai kaɗai yana iya sa mutum ya ce ya yi barci mai daɗi. A nazarin Cochrane ɗin nan, gwaje-gwaje shida ne suka duba barci, uku suka ga amfani, uku ba su gani ba. Ra'ayina shi ne mai fama da rashin barci, ko wanda barci ba ya ɗaukarsa sai tsakar dare ta wuce, ba laifi ya gwada shi na mako biyu, amma wanda barcinsa lafiya lau yake ba ya bukatarsa.

Lokacin sa shi ma yana da muhimmanci, domin shuɗin hasken da ke jinkirta agogo da dare shi ne ke saita shi da safe. A 2013 Kenneth Wright na Jami'ar Colorado ya kai mutum takwas daji suka yi mako guda ba lantarki ba tocila, sai rana da wutar itace, kuma da suka dawo agogon jikinsu ya matso gaba da kusan sa'o'i biyu. Wanda ya fita bayan sallar asuba ya sha hantsi a waje ya ba agogonsa saƙo mai ƙarfi da babu fitilar ɗaki da za ta kai shi, wanda kuwa ya yini da tabarau mai ruwan goro a fuska ya toshe wannan saƙo da hannunsa. Haka nan, ko an tare shuɗi, abin da ke cikin wayar yana nan. Wani gwaji da aka yi a Amurka a 2021 a kan matasa 167 bai ga bambanci a barcin waɗanda suka kunna tsarin Night Shift na iPhone, mai mayar da fuskar waya ja-ja, da waɗanda ba su kunna ba. Wanda ke musu a zauren WhatsApp da ƙarfe ɗayan dare, ransa ne a ɓace, kuma babu gilashin da ke tare wannan.

An miƙo mini takarda daga baya ana tambaya ko direba zai iya sa mai launin ɗorawa da dare saboda fitilun motocin da ke dallare ido. Amsata ita ce kada ya sa. Duk gilashi mai launi rage hasken da ke shiga ido yake yi, kuma da dare direba yana bukatar duk hasken da zai samu. A 2019 masu bincike a Boston sun gwada irin wannan tabarau a na'urar koyon tuƙi, ba su ga ya taimaka wa kowa wajen hango mai tafiya a ƙasa da wuri ba. Idan fitilu sun fara dallare wa mutum ido fiye da da, musamman in shekaru sun ja, yana iya zama farkon yanar ido, kuma wannan awo yake bukata a asibiti. Shugaban taro yana nuna mini agogo, saboda haka zan ajiye tabaran nan biyu a kan tebur, duk mai so ya zo ya sa su ɗaya bayan ɗaya, ya leƙa ta taga ya dubi sama. Na gode, wassalamu alaikum.