Kwana bakwai a kan teku, ba yaro ko ɗaya

Assalamu alaikum jama'a, barkanmu da sake haɗuwa. Wannan abin da kuke gani kamar an ɗauko unguwa guda an ɗora a kan ruwa, to jirgi ne fa, kuma a cikinsa muka yi kwana bakwai ni da maigida da wasu abokan arzikinmu su ma mata da miji gida biyu, mu shida kenan, ba mu tafi da yaro ko ɗaya ba. Tun da na sa hotunan a sitatus aka hana ni sakat da tambaya, nawa ne, me ake ci, ba kya jin tsoro, yaran fa wa kika bar wa? Shi ya sa na ce bari kawai in haɗa bidiyo in yi bayani gaba ɗaya kowa ya huta.

Shi irin wannan jirgin ba don ya kai ka wani gari ka sauka da kayanka aka yi shi ba. Otal ne mai tafiya. Ka shiga, ka jera kayanka a wadirob sau ɗaya, da dare kana barci yana tafiya, gari na wayewa ka buɗe labule ka ga wata ƙasa. Ka sauka ka yi yawonka, yamma ta yi ka dawo, a ƙarshe ya maido ka tashar da ya ɗauke ka. Mu da yake a Houston muke zaune, daga Galveston muka tashi, tafiyar kamar awa ɗaya ce a mota. Yawancin mutane kuwa ta Florida suke hawa, Miami ko Fort Lauderdale ko Port Canaveral. Hanyarmu ita ce ta yammacin Karibiyan: Roatan a ƙasar Honduras, sai Costa Maya da Cozumel duk a Meziko, sauran kwanakin kuma ruwa ne zalla, gabas ruwa yamma ruwa.

Girman jiragen nan sai wanda ya gani. Akwai wani Icon of the Seas na kamfanin Royal Caribbean da ya fara aiki a Janairun 2024 daga Miami, tsawonsa wajen mita 365, hawa 20, in ya cika maƙil yana ɗaukar fasinja 7,600, ma'aikata kuma sun haura 2,000. Titanic ɗin nan da ya nutse a 1912 da ake ta ba da labarinsa, mita 269 ne, wajen faɗin ciki kuwa wannan ya ninka shi fiye da sau biyar. Namu bai kai haka ba, amma duk da haka sai da na yi kwana biyu ina ɓata tsakanin ɗakinmu da wurin cin abinci.

To bari mu fara da yaran, don wallahi nan ne aikin yake, ba sayen tikiti ba. A gida Najeriya in za ki yi tafiya ai ba wani dogon zance, ki kai su wurin kaka ko ƙanwarki ta zo ta kwana, shikenan. A nan Amurka ba haka ba ne. Mun yi sa'a Hajiyar maigida ta zo mana ziyara, ita da wata ƙanwarsa suka riƙe su, amma sai da muka rubuta takardar izini muka sa hannu cewa za su iya kai yaro asibiti a madadinmu, muka bar katin inshora, muka je makaranta aka sa sunan ƙanwar cikin waɗanda aka yarda su ɗauko su, don in sunanki ba ya ciki ko ke ce kika yi musu wankan jego ba za a ba ki yaro ba. Na cika firiza da miya, na manna takarda a jikin firij, wane ba ya cin kaza, wance ga lokacin maganinta. Hajiya ta sa tabarau ta karanta takardar tsaf, ta ce, "Yanzu ni za a koya wa raino? Shi wanda kike aure wa ya raine shi?" Na ce Allah ya ba ki haƙuri Hajiya, na sa kai na wuce.

Sannan mu faɗi gaskiya, barin yara a gida ba ya nufin ba za ki ga yara a jirgi ba, na wasu suna nan suna tsalle a lifta. In kina son inda babu su kwata-kwata, akwai kamfanoni irin su Virgin Voyages da Viking da ba sa ɗaukar wanda bai kai shekara 18 ba. Mu dabarar da muka yi ita ce muka zaɓi watan Afrilu lokacin da 'yan makaranta suna aji. Kuma lokacin ya yi daidai ta wani ɓangaren, don kakar guguwa a tekun Atilantika daga 1 ga Yuni ne zuwa 30 ga Nuwamba, ta fi tsanani tsakanin Agusta da Oktoba. Tikiti yana sauka a watannin nan, amma banza ba ta kai zomo kasuwa, kyaftin zai iya canza hanya ya tsallake tsibirin da kika ci burin gani, kuma ba ki da ta cewa. Mai juna biyu ma ta lura, yawancin kamfanonin ba sa ɗaukar cikin da ya shiga sati 24. Wanda kuma zai taso daga wata ƙasa ya hau a Amurka, ya tabbatar bizarsa mai shiga da fita ce fiye da sau ɗaya, don fitar jirgin da dawowarsa sabuwar shiga ce.

Ranar shiga kamar filin jirgin sama ne, fasfo, bincike, a ɗauki hotonki, sai a ba ki wani kati. Wannan katin ku dube shi da kyau. Shi ne makullin ɗaki, shi ne shaidarki wajen sauka da hawa, shi ne kuma jakar kuɗinki, don ba a kashe tsabar kuɗi a kantunan ciki, miƙa kati kawai ake yi, kuma a nan ake yanke mutane ba su ji zafi ba. Kafin jirgi ya motsa dole kowa ya je ya ga wurin da zai taru in wani abu ya faru, a nuna masa yadda ake sa rigar ceto. Da can ana iya jinkirta wannan har bayan an tashi, sai da wani jirgi mai suna Costa Concordia ya bugi dutse a gaɓar Italiya a Janairun 2012 mutum 32 suka rasu, aka tsaurara doka, yanzu sai an yi kafin a bar tasha.

Ɗakuna kala-kala ne, akwai na ciki da ba taga ko ɗaya, shi ya fi araha kuma barci a cikinsa ba a magana don ba ki san dare ba ba ki san rana ba, akwai mai taga, akwai mai baranda. Mu mai baranda muka kama, kuma ban yi da-na-sani ba. Mai saurin jiri ta nemi ɗaki a tsakiyar jirgi kuma hawan ƙasa, can ne ya fi rashin jijjiga. Jiragen suna da wasu fukafukai a ƙarƙashin ruwa da ke rage tangaɗi, amma dare na biyu ɗaya daga cikin ƙawayen nawa sai da ta kwanta, alewar citta da ƙwayar tashin zuciya ne suka tashe ta.

Kuɗin tikiti ya haɗa ɗaki da abinci a babban ɗakin cin abinci da wurin ɗebi-da-kanka, da wasannin da ake yi da dare. Abin da bai haɗa ba ne yake da yawa. Akwai tukuicin ma'aikata da ake ɗorawa kullum a kan kowane mutum, yawanci tsakanin dala 16 zuwa 20, ku lissafa mutum biyu kwana bakwai. Lemon kwalba kuɗi, wayfay kuɗi, hoton da mai kyamara ya ɗauke ku kuna murmushi kuɗi, yawon da za a kai ku in an sauka kuɗi, ganin likitan jirgi kuɗi ne mai zafi ma, shi ya sa inshorar tafiya ba asara ba ce. Waya kuwa ana barin gaɓa ki sa ta a yanayin jirgin sama, don in ta kama sabis ɗin teku bil ɗin da zai zo sai ido ya raina fata. Mu wayfay ɗaya muka saya, a wayata, saboda Hajiya kawai.

Maganar abinci ga Musulmi, naman alade yana ko'ina musamman da safe, giya ma haka, ga gidan caca da ake buɗewa da zarar an yi nisa da gaɓa. Ba wanda zai tilasta miki, amma a sani. In ana son naman halal tun wajen yin bukin ake faɗa, makonni kafin tafiya, ba ranar shiga ba. Mu ba mu yi ba, sai muka koma kifi da jatan lande da abincin Indiyawa na ganye. Ma'aikatan da yawansu 'yan Filifin ne da Indonesiya da Indiya, wanda yake kula da teburinmu ɗan Indonesiya ne, daren farko ya ji mun yi bisimilla sai ya sunkuyo a hankali ya yi mana sallama, daga ranar in ya kawo menu da kansa yake nuna mana, wannan da giya a miyarsa, wannan ku ci. Salla kuma ƙasaru muka riƙa yi. Alƙibla daga yankin nan arewa maso gabas take, akwai tasha a talabijin ɗin ɗaki da ke nuna inda jirgi ya dosa, da ita maigida yake kwatantawa. Daren da ake cin ado kuwa mazan suka zuba manyan riguna na shadda da hula, mu muka kashe ɗauri, sai ga Turawa suna layi a yi hoto da su.

A cikin wuraren ukun Roatan ce ta fi tsaya min a rai. Tsibirin yana kan jerin duwatsun murjani na biyu mafi girma a duniya bayan na Ostireliya, ruwan garau kana hango kifi daga cikin kwale-kwale. Akwai wani gari Punta Gorda na mutanen Garifuna, baƙar fata ne jikokin 'yan Afirka da Turawan Ingila suka kwaso daga tsibirin St. Vincent suka jibge a nan a 1797, har yau suna da yarensu da gangunansu, ga rogo da kwakwa da kifi a girkinsu. Kiɗan ya ɗauke mana hankali, muka zauna, muka ci, muka miƙe ƙafa.

To a nan ne muka kusa kwana a Honduras. Jirgi yana da nasa agogon, wasu suna canzawa zuwa lokacin garin da aka je, namu bai canza ba, yana kan lokacin Texas, ita kuwa Honduras a watan Afrilu tana bayan Texas da awa ɗaya. Wayata da ta samu wayfay ɗin gidan abincin sai ta koma lokacin gari ban sani ba. An ce kowa ya dawo huɗu da rabi, ni ina ganin uku saura a waya hankalina kwance, sai abokin maigida ya kalli agogon hannunsa ya ce, "Madam, wane uku? Huɗu ta kusa fa!" Jama'a, ƙafa me na ci ban ba ki ba. Direban tasi ya yi iya yinsa, muka iso muna haki, ni takalmi a hannu, mutanen da ke baranda a sama suna mana tafi da fito, ashe al'ada ce, suna fitowa musamman don kallon masu gudu. Ka'idar ita ce in yawon da jirgi ya shirya kika bi kuka makara zai jira, in kuwa da kanki kika ɗauki tasi kamar mu, tafiyarsa zai yi, ki nemi jirgin sama da kuɗinki ki tare shi a gaba. Shi ya sa ake so ki sauka da fasfo ko kwafinsa da lambar wakilin jirgi na tashar.

Costa Maya ba mu daɗe ba, ciyawar teku mai ruwan ƙasa ta taru a gaɓa tana wari, sai muka tafi Chacchoben kallon tsoffin gine-ginen mutanen Maya. Cozumel kuma tsaraba muka saya.

Tafiya da abokai tana da daɗi in an yi sharaɗi tun farko. Namu ɗaya ne, da rana kowa ya kama gabansa, ƙarfe takwas a haɗu a tebur. Ba don haka ba da an samu saɓani, don wani yana son yawo wani barci ya zo yi. Abin da ban yi tsammani ba shi ne rana ta uku, muna zaune a baranda bayan asuba, ba girki, ba wanki, ba mai kiran Mama daga banɗaki, wayar maigida ba sabis, sai muka yi shiru muna kallon juna kamar baƙi. Duk hirar da muka ɗauko sai ta ƙare a kan yaran, kuɗin makaranta, takalmin wane ya matse. Shi ne ya ce, "To yau an hana zancensu har azahar." Da ƙyar muka kai ƙarfe goma. Amma a tsakanin nan ya ba ni wani labari na lokacin yana bautar ƙasa da ban taɓa ji ba, shekara goma sha ɗaya muna tare.

Safiyar da muka dawo Galveston tun kafin mu sauka sabis ya dawo, na kira gida. Hajiya ta ce kowa lafiya, takardar firij kuwa tun rana ta biyu ta cire ta, wanda na rubuta ba ya cin kuɓewa kullum sai ya nemi ƙari. Da muka shiga gida na buɗe hannu ina jiran autata ta rugo, ta rugo ɗin kuwa, amma ta wuce ni ta tafi wurin akwati.