Juyin Halitta da Imani: Ina Ainihin Wurin Saɓanin?

Bismillahir Rahmanir Rahim. Shugaban taro, malamaina, iyayena da 'yan'uwana ɗalibai, assalamu alaikum wa rahmatullah.

An nemi in yi bayani a kan ƙa'idar juyin halitta da matsayinta a wurin mai imani. Da yawa daga cikinmu abin da muka taso muna ji game da ita bai wuce cewa wani Bature ya ce kakanmu biri ne ba, kuma wanda ya tsaya a nan ba shi da abin da zai karɓa ko ya ƙi, domin malamanmu sun koya mana cewa ba a yanke wa abu hukunci sai an san hakikaninsa.

Abin da Charles Darwin ya kawo a littafinsa na 1859 a kan asalin jinsunan halittu shi ne: 'ya'ya ba sa fitowa daidai da iyayensu ta kowace fuska, ana haifar fiye da adadin da zai rayu, kuma waɗanda siffarsu ta fi dacewa da inda suke sun fi barin zuriya, har bambancin ya taru a cikin dogon zamani ya haifar da sabon jinsi. Game da mutum kuwa, masana ba su ce birin da ke ɓarna a gonar gyaɗa shi ne ya rikiɗa ya zama mutum ba. Cewa suka yi jikin mutum da na manyan birai suna komawa ga tushe ɗaya mai nisa.

Wani sashe na wannan magana muna ganinsa a asibitocinmu. Dattawan da ke zaune a nan suna tuna lokacin da kulorokwin yake kwantar da zazzaɓin cizon sauro a cikin kwana uku, da ɗacinsa da ƙaiƙayin da yake sa wa wasu. Daga baya sai ya daina aiki, har Nijeriya ta sauke shi daga matsayin maganin farko a 2005. Dalili shi ne, a cikin ƙwayoyin cutar akwai 'yan kaɗan da maganin ba ya kashewa, sai su suka rayu suka hayayyafa, har suka mamaye sauran. Haka nan sikila, wadda da wuya a sami dangi a ƙasar Hausa da ba ta taɓa ba. A 1954 Anthony Allison ya nuna, daga binciken da ya yi a gabashin Afirka, cewa mai jini nau'in AS yana da kariya daga zazzaɓi mai tsanani, shi ya sa wannan gado ya yawaita a ƙasashen sauro duk da wahalar da mai SS yake sha. Likita musulmi da yake bayyana wa masu shirin aure wannan batu, da ilimin juyin halitta yake aiki, kuma ban taɓa jin an ce imaninsa ya ragu ba.

Haka kuma ƙasa tana fitar da abin da aka binne a cikinta. A 2001 aka gano ƙoƙon kan wata halitta mai siffofin biri da na mutum a hamadar Jurab ta ƙasar Chadi, aka sa masa suna Tumai, aka ƙiyasta shekarunsa kusan miliyan 7. Masana suna jayayya a kan matsayinsa a tarihin asalin mutum har yau, amma ƙashin yana nan, kuma Alƙur'ani a Suratul Ankabut, aya ta 20, ya umarce mu da mu yi tafiya a bayan ƙasa mu duba yadda Allah Ya fara halitta.

To, ina rigimar ta samo asali? Wani ɓangarenta rigimar Amurka ce, inda a 1925 aka gurfanar da wani malamin makaranta, John Scopes, a jihar Tenesi saboda koyar da wannan darasi, aka ci shi tarar dala 100. Wani ɓangaren kuma laifin waɗanda suka fake da sunan kimiyya ne don ƙasƙantar da baƙar fata, kamar yadda aka ajiye Ota Benga, mutumin Kwango, a sashen birai na gidan namun daji a Niyok a 1906. Wanda ya san wannan tarihi ba zai ga laifin mutanenmu ba idan suka yi ɗari-ɗari.

Amma babban tushen rigimar shi ne cakuɗa bayanin sababi da inkarin Mahalicci. Akwai marubuta irin su Richard Dawkins da suke cewa tunda an gano yadda halittu suke sauyawa, to babu buƙatar Allah. Wannan magana falsafa ce, babu ɗakin gwajin da ya taɓa tabbatar da ita. Muna koya wa yara cewa rana tana ɗaga tururi daga teku, iska ta kora shi ya haɗu ya zama hadari, kuma idan damina ta yi jinkiri mukan fita roƙon ruwa, ba tare da wani ya ce darasin ya kore addu'ar ba, domin Wanda Ya saukar da ruwan Shi ne Ya halicci sababin.

Malaman musulmi sun rabu a kan batun tun farko. Jamaluddin al-Afgani ya yi raddi mai zafi a 1881, yana kallon ƙa'idar a matsayin reshen aƙidar masu cewa babu komai sai abin da ake gani. Shi kuwa Shehu Husaini al-Jisr na Tarabulus ta Labanan, a littafinsa Risalatul Hamidiyya na 1888, ya ɗauki hujjojin zamaninsa a matsayin zato, amma ya ce idan aka tabbatar da su a yanke, ba za su rushe imani da Mahalicci ba. Hanyarsa ta fi kwanta mini, kuma tana da asali a wurin Imam Gazali, wanda ya gargaɗi masu ƙaryata lissafin husufin rana da wata da sunan kare addini cewa cutar da addinin suke yi. Sai dai ina jan kunnen ɗalibai masu cewa magabatan malaman musulmi irin su Jahiz ko Ibn Khaldun sun riga Darwin. Gaskiya ne Ibn Khaldun ya yi maganar matakan halitta daga ma'adinai zuwa tsirrai zuwa dabbobi zuwa mutum, amma bai kawo bayanin hanyar da Darwin ya kawo ba, kuma ba ma buƙatar ƙara wa magabata abin da ba su faɗa ba.

Wurin da saɓani yake da gaske shi ne Annabi Adamu, alaihis salam. Suratu Ali Imrana, aya ta 59, ta kwatanta Annabi Isa da shi, ta ce an halicce shi daga turɓaya sannan aka ce masa kasance, kuma jumhurun malamai sun fahimci cewa ba shi da uba ba shi da uwa. A nan wasu suka ƙi ƙa'idar gaba ɗaya, wasu kuma suka yi tawilin ayoyin har suka ba Adamu iyaye, abin da nake gani ya yi wa nassi nisa ƙwarai. Akwai matsaya ta uku, ta wasu masanan musulmi na wannan zamani, wadda David Solomon Jalajel ya yi bayaninta, Shoaib Ahmed Malik kuma ya faɗaɗa ta a littafinsa na 2021: nassi ya yanke cewa Adamu da Hauwa'u halitta ce ta musamman kuma dukkanmu zuriyarsu ne, amma bai yi maganar yadda raƙumi ko dabino suka samu ba, bai kuma tabbatar ko ya kore samuwar wasu halittu masu kama da mutum kafin Adamu ba. Inda nassi ya yi shiru sai mu yi shiru ta fuskar aƙida, mu bar masu bincike su yi aikinsu. Ita kuma mu'ujiza, kamar haihuwar Annabi Isa ba tare da uba ba, ba abin da awon ƙashi zai tabbatar ko ya ƙaryata ba ce. A kan wannan matsaya nake.

Damuwata ita ce ɗalibin sakandare da yake rubuta amsa a jarrabawa da safe, da yamma kuma a ce masa a Islamiyya abin da ya rubuta kafirci ne, babu wanda ya zaunar da shi ya rarrabe masa. Ina roƙon malaman kimiyya su faɗa wa ɗalibai iyakar abin da darasin yake iya tabbatarwa, malaman addini kuma su karanta darasin kafin su yi fatawa a kansa. Shugaban taro, a nan zan dakata domin a yi tambayoyi.