Ashe a ƙasan wannan ginin aka haifi FM ɗin da muke ji a gida

Assalamu alaikum jama'a, ku yi haƙuri da iskar da ke shiga cikin maganata, sanyi ake zubawa yau a New York, yatsuna ma da ƙyar suke riƙe wayar. Kun ga jan ginin nan da ke bayana? Philosophy Hall sunansa, a cikin jami'ar Columbia, kuma wallahi na wuce ƙofar makarantar nan da mota ya fi sau ɗari ban taɓa sanin abin da ke ƙasansa ba sai shekaranjiya.

Abin da ya faru, da daddare na ɗauki wani tsoho Bature a Yonkers, ya shigo da wata oba-oba mai doguwar eriya, saura kaɗan ta tsokane min ido. Ya ce daga ina nake, na ce Najeriya, sai kawai ya ce 5N! Ni kuma a raina na ce yau ga ikon Allah, naira biyar zai biya ni? Ashe lambar da sunan kowace tashar 'yan ham ta Najeriya ke farawa da ita ke nan, Nijar 5U, Gana 9G, duk ya haddace su kamar karatun allo. 'Yan ham ɗin nan mutane ne da ke kafa ƙaramar tashar rediyo a ɗakinsu don sha'awa kawai, ba talla ba albashi, su yi ta kiran duniya, wasunsu har yau da tangarahu suke magana, ɗit ɗit daa. Sai ya ɗan ƙwanƙwasa rediyon motata ya ce wanda ya ƙirƙiro FM ɗan garinsu ne. Na ce baba da gaske? Ya ce je ka Columbia ka gani.

Edwin Armstrong sunan mutumin. Ya shigo makarantar nan a 1909, kuma tun yana yaro yake wasa da wayoyi a ɗakin saman gidan iyayensa, ya kafa dogon turken eriya a tsakar gida yana hawa kamar mai ɗiban zuma. A 1912, yana ɗalibi fa, ko digiri bai karɓa ba, ya gano cewa idan ka maido da siginar da ta fito daga kwalbar rediyo ka sake cusa ta ciki, tana ƙara ƙarfi ninki ba ninki, tashar da da sai ka riƙe numfashi kafin ka ji ta yanzu tana cika kunne. Ni a shekarun nan nasa ina Kano ina fama da yajin aiki, kai jama'a. Malaminsa ma wani abin kallo ne, Michael Pupin, ɗan Sabiya da ya sauka Amurka a 1874 ba shi da komai sai 'yan sulalla a aljihu, daga baya ya yi dabarar da ta sa magana ke tafiya nesa a kan waya ba ta shaƙe ba, ya sayar wa kamfanin waya na AT&T ya yi kuɗi, ga gini can da sunansa, zan nuna muku in na zaga.

Tangarahu kuwa ya tuna min kakana, Allah ya jiƙansa, har ya rasu bai taɓa cewa fos ofis ba sai gidan waya, kuma buga waya da muke cewa ai daga can ta samo asali, da gaske bugawa ake yi da yatsa. Shi Morse mai tangarahun ma malamin jami'a ne a garin nan, a NYU can ƙasa, kuma zane yake koyarwa, ba lantarki ba. A Disambar 1921 Armstrong da abokansa 'yan ham suka kafa tasha a Connecticut mai suna 1BCG suka buga saƙo da wannan ɗit daa ɗin ya tsallake teku aka kama shi a Sikotlan, a kan zangon da manyan kamfanoni suka raina suka bar wa masu wasa. Mu da muka tashi da gajeren zango, Baba ya kafa rediyo a kunne da asuba yana neman BBC cikin shuuu da ƙarar tsawa, mun san darajar abin.

To wannan shuuu ɗin ita Armstrong ya zauna a ƙasan ginin nan shekara da shekaru yana yaƙa, har ya samu rajistar FM a 1933. Da ya tashi nunawa a 1935, daga tashar wani abokinsa ɗan ham a Yonkers aka turo sautin, aka zuba ruwa a kofi, aka yaga takarda, injiniyoyi na zaune a zaure suna jin komai tas kamar a gabansu ake yi. Wato duk mai shayin da ya kunna Freedom a Kano da safe, daga nan ƙasan ƙafata abin ya taso, tsigar jikina har tashi ta yi.

Amma ƙarshen labarin ne ya hana ni barci. Kamfanin rediyo na RCA, wanda shugabansu Sarnoff abokinsa ne, sakatariyar Sarnoff ɗin ma Armstrong ya aura, suka ƙi biyansa haƙƙinsa, a 1945 kuma hukuma ta matsar da FM zuwa 88 zuwa 108 da muke gani yanzu, duk rediyoyin da aka riga aka sayar suka zama kwandon shara. Shari'a ta cinye dukiyarsa, a 1954 ya faɗo da kansa daga hawa na 13, innalillahi. Matarsa ce ta ci gaba da ƙarar har RCA suka yi sulhu suka biya, ta kuma yi nasara a kan sauran kamfanonin ɗaya bayan ɗaya, shi bai ga ko sisi ba. Hasumiyar da ya gina a Alpine tana nan tsaye a tsallaken kogi, ita gidajen talabijin suka koma amfani da ita bayan harin 11 ga Satumba.

In za ka zo kar ka kuskura ka zo da mota, na gaya maka, ka hau jirgin ƙasa lamba 1 ka sauka a titi na 116, wajen dala 3 ne, kuma ka nemi ɗalibin da zai shigo da kai, ni wani ƙanenmu ɗan Damagaram ne ya taimaka min. Kofi ɗin nan dala 5 na saye shi kuma har ya huce.

Tsohon nan dai ya sa min rigima a rai. Ya ce jarabawar lasisin 'yan ham tambaya 35 ce, ka ci 26 ka wuce, hukuma ta karɓi dala 35, tangarahu ma an daina tilasta shi tun 2007. Na gaya wa uwargida jiya, ta ce in dai eriyar nan a tagarta zan rataya ta to in fara neman wani gidan. Bari in zaga wajen ginin Pupin kafin batirina ya mutu.